Ƙafar Ɗan Fari

Shekarar da fartanya ta sari ɗana na fari a ƙafa, ruwa ya ɗauke da wuri. Muna ƙauye kusa da Burumburum, ba mu cire gyaɗa ba, ƙasa kuma kullum ƙara tauri take. In ka yi jinkiri, ganye za ka finciko, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Da gyaɗar kuwa ake biyan haraji.

Ba maganin asibitin Tudun Wada ne mai tsada ba, tafiyar ce. Yini zuwa, yini dawowa, maigida da jakinmu ɗaya tilo duk su bar gona.

Surukata ta daka ganye ta ɗaure wa yaron. Kwana uku ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Maigida sammako yake yi, sai magariba ya dawo, ya tsaya a bakin ɗaki ya ce, "Yaya jikin yaron?"

In ce, "Da sauƙi."

To me zan ce? Ɗan fari ne. Ko sunansa ba na kamawa, balle a ji ina kukan ciwonsa a gaban uwar miji, a yi ta yi da ni a bakin rijiya. Da ƙanensa ne, da tuni na ta da gidan. Shi kuwa maigida da maganata yake auna kwanakinsa. Ya ce, "In mun gama gonar gabas sai mu tafi." Na bi shi da to.

Rana ta bakwai na kwance ƙyallen, na ga baƙi ya wuce idon sawu. Na tare maigida a tsakar gida, surukata na zaune. Na ce, "Malam, yaron nan mutuwa zai yi."

Ya shiga ya duba, ya fito. "Tun yaushe?"

"Tun Talata."

Bai yi faɗa ba, kuma har yau na fi son a ce ya yi. Ya ɗaura wa jaki akumari kawai.

Malamin asibiti ya tura su Kano. Kwana ashirin suka yi, rabin gyaɗar ya tafi a ƙasa. Yaron ya dawo da ransa, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mata suka cika gida barka, suna yaba mini kawaici, wai ko sau ɗaya ba a ga hawayena ba.