Goggo Mai Ƙwai da Wuƙar Gyaran Hanya

Gidan Goggo shi ne na ƙarshe a layin. Daga inda kwalta ta ƙare sai ka hau tsakuwa, ka wuce shagon mai walda, ka wuce makarantar firamare, ka gangara wani ɗan kwari, sannan ka hango rufin ɗakunan kajinta. Kafin ido ya hango, hanci ya riga ya gaya maka ka iso.

Ƙanwar mahaifina ce. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da muryar da in ta ƙwala maka kira daga bayan gida har maƙwabta sai sun amsa. Tun tana amarya ta fara kiwo da 'yan tsaki a cikin kwali, kwalin ya zama keji, kejin ya zama ɗakuna, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Goggo Mai Ƙwai. Mijinta direban tarakta ne, yana yi wa mutane huɗa a gonaki. Shiru-shiru ne ƙwarai. Goggo takan ce duk maganar da aka rubuta masa a duniya ita ya wakilta ta yi masa. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar mata 'ya'ya mata da suka yi aure a nesa, da wata ƙaramar jar tarakta a rumfa. Masu saye suka yi ta zarya, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Haka taraktar ta zauna har wata kaza ta mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai.

Ni ne mai kai mata ƙwai shaguna a cikin akori-kurata, don haka ni na fi kowa sanin hanyar nan. Da rani takan yi gargada kamar kwanon rufi, haƙoranka na haɗuwa kana tuƙi. Da damina kuma ramuka su cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Duk lallaɓawar da zan yi, ba na isa kwalta sai na ji ƙarni na tasowa daga baya.

Wata rana na dawo mata da kiret-kiret ɗin ƙwan da suka fashe. Ta duba su, ta dube ni.

"Kai direba ne ko mai soya ƙwai?"

"Goggo, hanya ce. Ko a ka na ɗauko su sai sun fashe."

Ta juya ta kalli rumfa. "Gobe ka zo mini da makanike. Kuma kai za ka koya mini tuƙa ta."

"Ni mota na iya, Goggo."

"Ita wannan da linzami ake jan ta?"

Lokacin ta ba shekara sittin baya. Makanike ya tayar da taraktar, aka sauke kazar tana ta masifa, Goggo ta zura takalman marigayi, ta sa matashin kai a bayanta don ƙafarta ta kai ga kuloci. A darasin farko ta kwashe sandar shanya da kayan da ke kanta. A na biyu ta tura duron ruwa har bakin ƙofa. Daga nan hannunta ya faɗa, sai dai har yau in za ta taka birki sai ta ce wa taraktar, "Tsaya mana!"

Tarakta ta tashi, saura abin da za a ɗaura mata ta gyara hanya. Nan Baffa ya shigo. Ƙanenta ne, tela ne da ciwon ido ya sa ya ajiye keke, kuma tun da ya ajiye babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba, da baki.

"Yaya, kar ki sayi komai," in ji shi. "Tsohon ƙyauren ƙarfen nan na bayan gida, a ɗaure shi da sarƙa a ja. Guga ce kawai hanyar take so."

Aka ɗaure ƙyaure, aka ɗora masa bulo. Baffa ya ce nauyin bai isa ba, ya hau ya zauna da kansa. Goggo ta ja. Ƙyauren ya dinga tsalle a kan gargada, Baffa na tsalle a kan ƙyaure, 'yan makaranta suka fito kan katanga suna tafi. Hularsa ta faɗi tun a kwari, bai samu bakin cewa a tsaya ba sai a shagon mai walda. Da muka waiwaya, tsakuwar duk ta koma gefe, gargadar tana nan ko gezau, ramukan kuma sun ɗan sha ƙasa sama-sama kamar an yi musu hoda.

"To, Tela," Goggo ta ce, "gugar ta yi?"

"Gudu kika yi, Yaya."

Washegari muka ɗunguma mu uku zuwa wajen dilan kayan tarakta. Fili ne babba, ƙarafa jere, wasu da sabon fenti wasu sun sha tsatsa. Dilan ya taso da fara'a yana murza hannu. Goggo ta raɗa mini, da irin raɗarta da ake ji a tsallaken titi, "Wannan da gani sunan dila ya dace da shi."

Mutumin ya yi dariya. "Hajiya, taraktar taki doki nawa ce?"

"Doki kuma? Ko jaki ba ni da shi. Kaji ne dai."

Sai da na gaya masa ƙirar taraktar ya gane ƙarfin injinta. Ya nuna mana iri uku. Na farko wuƙa ce doguwa guda ɗaya, ana karkata ta dama ko hagu, tana kwaso tsakuwa daga gefe ta dawo da ita tsakiya, tana kuma iya yanka lambatu. Na biyu akwati ne na ƙarfe mai haƙora a ciki, haƙoran su farfasa ƙasa mai tauri, akwatin ya kwashi tsakuwar ya zuba a rami. Na uku shimfiɗaɗɗe ne, ƙarafa biyu a gefe suna jan ciki a ƙasa, da wuƙaƙe biyu a gicce tsakaninsu. Goggo na ganinsa ta ce, "Wannan ai gado ne," sunan da ya bi shi ke nan.

Baffa tuni ya rungumi wani ƙaton akwati. "Wannan, Yaya. Dubi haƙora! Da gani ba wasa."

Goggo ta kwance wata igiya daga ƙugunta. Ashe tun da safe ta auna faɗin tayoyin baya na taraktar ta yi ƙulli. Ta bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa. Duk wanda bai wuce ƙullin ba ta ce a kai kasuwa, don ba za ta gyara tsakiya taya na ɓata gefe ba. Dila ya dage sai ta ɗauki sabo a ranar. Ta ce ita ko zani ba ta saya sai ta ɗaura. Aka yi ta ja-in-ja, ta sa na sauke masa ƙwai daga mota, a ƙarshe ya yarda ya ba ta aron na hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta gwada a kan hanyarta.

Jarrabawar da ta tsara ita ce: in ta gama bin hanya da ƙarfe, Baffa zai zauna a bayan akori-kura da kiret a buɗe a cinya, ni in ja daga gidanta zuwa kwalta ba lallaɓawa.

"In rigarka ta isa fara, ƙarfen ya ci," ta ce masa.

Akwatin Baffa bai ma kai ga jarrabawa ba. Ana ɗaura shi ta ja sandar ɗagawa, sai gaban taraktar ya tashi sama kamar akuya na neman ganye. Goggo ta ƙanƙame sitiyari tana salati, mai walda ya rugo yana ihun ta sauke. Da tayoyin gaba suka dawo ƙasa ta sauko tana haki.

"Tela, mayar wa dila da kayansa. Wannan shi zai tuƙa ni."

Wuƙa ta zo ta biyu. Ba ta da nauyi, taraktar ta ɗauke ta cikin sauƙi. Amma duk lokacin da tayar gaba ta hau tudu sai wuƙar ta nutse a baya, in ta faɗa rami sai wuƙar ta tashi. Kafin la'asar Goggo ta mayar da ƙananan gargada manya. Na ja mota, muna hawa muna sauka kamar a kwalekwale. Da muka isa kwalta Baffa ya sauko, gwaiduwa tun daga ƙirji har gwiwa, ya tari babur ya wuce gida.

Gado kuwa kamar wasa. An ɗan yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi laushi. Ta sauke shi ta ja a hankali, tsakuwa na taruwa tana tsallake wuƙaƙen tana kwanciya a baya lif. Baffa, wanda sai da aka aika masa da ban-haƙuri ya dawo, ya isa kwalta fes. Ya ɗaga kiret sama ya ce dama shi tun farko gadon ya zaɓa.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Goggo ta ce a bari a yi ruwa tukuna. Da aka sheƙa ruwan ta yafa buhu a ka ta fita, ta taka hanyar da ƙafa. Ta dawo jiƙe sharkaf, ta same mu a rumfa.

"Gado ya shimfiɗe ta kamar faranti," ta ce. "Ruwa ya zauna a tsakiya ya rasa inda zai bi. Inda ya kwanta yau, nan rami zai fito gobe. Hanyar nan doro take so, ruwa ya gangara dama da hagu, ga lambatu ya karɓe shi. Gado ba ya yin doro. Wuƙa zan saya."

"Wuƙar da ta ɓata mini riga?" in ji Baffa.

"Ba ita ta ɓata maka ba, ni ce ban iya ba. Ai ba za ta fi ni taurin kai ba."

Dila ma sai da ya yi mata magana, ya ce gado ya fi sauƙi ga mai koyo. Ta ce ta gode, a ɗora mata wuƙa.

Ta sha wuya, ba a magana. Kullum bayan ta ba kaji abinci sai ta shiga filin bayan gida tana gwaji, wuyanta a juye tana kallon baya, har sai da aka nemo mata man zafi. Baffa yana zaune a inuwa yana kallo, ya ce, "Yaya, ko keken ɗinki yana da ƙafar da ke danne yadi. Ita wannan reto take a baya, ba ta da abin dogarawa."

Goggo ta kashe inji. "Tela, yau ka yi magana."

Mai walda ya liƙa wa wuƙar ƙafa a baya da tayar baro. Tayar ta lanƙwashe tun kafin a fita ƙofa. Ya canza da ta wata tsohuwar ƙaramar mota, wannan ta zauna. Tun daga ranar wuƙar ta daina sunkuyo da ɗagowa. Goggo ta gane sauran da kanta: ba a taɓa hanya in ta bushe ƙamas ko ta yi caɓi, ba a rufe rami sai an yanke shi har gindi, kuma a giyoyin tarakta wadda ta fi kowace nawa ita ce ta aiki. Ta karkata wuƙa, ta bi gefen dama ta dawo ta hagu tana turo tsakuwa tsakiya, har hanya ta yi doro mai kyau. Baffa ya zagaye layin yana ba da labarin yadda ya ƙirƙiro tayar.

Damina ta wuce ba rami. Masu shaguna suka daina yi mini tsiya. Motar ɗaukar marasa lafiya ta shigo har ƙofar wata maƙwabciya mai naƙuda, mijin ya zo godiya da kansa.

Sai kuma 'yan babur suka gano hanyar. Suka bar kwalta suka dawo yanke ta layinmu, a guje. Aka take agwagwar mai walda. Shugabar makarantar ta zo da iyayen yara, suka gaisa da Goggo, suka yi ta kewaye-kewaye, sannan shugabar ta ce, "Goggo, alfarma muka zo nema. Ki yi mana tudu a gaban makaranta."

Goggo ta dafe ƙirji. "Tudu? Ni? Kun san wuyan da na sha kafin in raba hanyar nan da tudu?"

"Saboda yara ne, Goggo."

Ta yi ta faɗa har suka tafi, ta ci gaba da yi wa kaji. Amma da ruwa ya dawo ƙasa ta yi laima, ta tayar da tarakta ta tafi gaban makaranta. Ta tara tsakuwa a gicce, ta bi ta kai da taya ta danne, ta sauko ta duba, ta sake hawa ta gyara gefen da bai yi mata ba. Tudun ya fito sumul, mai faɗi, ba tsini.

Ɗan babur na farko da ya iso ya taka birki, ya haye a hankali, ya ɗago mata hannu. Goggo ta harare shi daga kan tarakta.

"Ka gaya wa 'yan'uwanka," ta ce, "in na sake jin an take wani abu, har ƙofar gidajenku zan zo in yi muku irinsa."