Zuwa Zariya da Ƙonannen Dainamo

A shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai ina da rumfar gyaran wutar mota a Kawo, bakin hanyar Zariya. Karatuna bai wuce elementare ba, kuma ban damu ba. In mota ta daina cajin batir, ni ake nema.

Wata safiya da damina wani akawun sakatariya ya tsayar da baƙar motarsa a gaban rumfar. Tsohuwa ce, hannun wani Bature mai komawa gida ya saye ta. Ko sallamar bai ƙarasa ba.

"Mai gyara, jar fitilar cajin nan ta ƙi mutuwa, ga shi yau zan kai Baba Zariya."

"Asibiti?"

"Daga can muke. Sun ce a kai shi gida. Shi kuwa ya ce a ɗakinsa na Zariya yake so ya cika."

Na leƙa. Tsohon na kwance a kujerar baya, ya bushe, sai idanu.

Na buɗe gaban motar. Fambel, igiyar da ke juya dainamo mai cajin batir, lafiya lau, bai saki ba. Na bi wayoyi, babu wadda ta tsinke. Na cire fambel ɗin na jona dainamo da batir kai tsaye. Mai lafiya zai juya da kansa, wannan ko motsi. Da na kwance shi, ƙauri ne ya fara gaya mini. Wayar ciki ta yi baƙi ƙirin.

"Malam, ya ƙone. Sabo sai an aiko daga Ikko, a jirgin ƙasa."

"Baba ba zai jira jirgi ba."

Na gaya masa abin da ya rage. Motar za ta tafi da wutar da ke cikin batir, shi ma tsoho ne, kamar randa mai yoyo da ba a ƙara mata ruwa. Ba fitila, ba hon, ba tayarwa da sitata, don da wutar batir take murɗa injin. Zan bi su in riƙa tayar da ita da hannu, da ƙarfen nan da ake murɗawa ta gaba. In ba a tsaya ba, za ta kai.

Ashe tsohon yana ji. Ya ce, "Ɗan nan, ni ma da abin da ya rage nake tafiya. Mu je."

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, fatauci ya yi a wannan hanya tun kafin a zuba mata tsakuwa. Kowane ƙauye yana da mutum. Muna isa Katabu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Akwai mahaucin da na taɓa zagi a kasuwa. A kira mini shi."

Aka kira shi. Mahaucin ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa jin komai, don muryar tsohon ta yi ƙasa, ga ƙarar injin.

"Kashe abin nan," in ji tsohon. "Ina neman gafara, ƙarfe na yi mini gurnani."

Na dubi akawun. Ya kashe.

Suka yafi juna, har da dariya, mahaucin na cewa ai shi ma ya rama a bayan ido. Da aka gama na je gaba na murɗa ƙarfen. Injin ya yi zafi, ya yi tari, ƙarfen ya dawo baya ya doke ni a wuyan hannu. Na ji ƙas. Na zauna cikin taɓo ina zagin uwar wanda ya ƙera motar. Akawun ya naɗe rigarsa ya gwada, ya kasa. Tura motar kuma ba zai yiwu ba, taya ta nutse. Dole aka taɓa sitata, ina jin yadda take zuƙe batir ɗin kamar daga jikina.

Gaba kaɗan aka sake tsayawa, wajen wata tsohuwa da ya saba sauka gidan mijinta. Bayan ita, wani limami. Kowane wuri sai an kashe, kowane wuri sitata na ƙara nauyi.

Na ce, "Malam, ka gaya masa. Ko mutanen nan, ko Zariya."

"Kai ka gaya masa."

Na juya. "Baba, in muka sake tsayawa ba za mu kai ba."

"Ɗan nan, kai wayoyi ka sani. Da haƙƙin mutane zan shiga ɗakin nawa?"

Aka sake tsayawa.

Sai ruwa ya sauko, irin wanda ba ka ganin gabanka. Akawun ya kunna waifa mai share gilashi, ban hana shi ba, don rami ne hagu da dama. Wajen la'asar injin ya fara shaƙewa, ya yi 'yar fizga, ya mutu a wani fili, babu gida, babu kowa.

"Mun iso?" in ji tsohon.

"Mun kusa, Baba."

"Ƙarya kake. Ku fitar da ni, kada in mutu a cikin gwangwani."

Ruwan ya tsagaita. Ɗansa ya ɗauko shi, ni na shimfiɗa tabarma da hannu ɗaya a gindin wata ɗorawa. Ya tambayi ina gabas, aka juya shi. Ɗan na laƙƙana masa kalmar shahada, ni ina tsakiyar hanya ina duban ko wata mota za ta ɓullo. Kafin ta ɓullo ya cika.

Babbar motar gyaɗa ce ta tsaya. Aka ɗora gawar tsohon bisa buhuna, aka lulluɓe shi da rigar ɗansa. Akawun ya sa ƙafa zai hau, ya waiwayo.

"Ka ce za ta kai."

"Na ce in ba a tsaya ba."

"Da kai ne, sai ka ƙi tsayawa?"

Bai jira amsa ba, ya haye. Suka tafi. Na zauna gadin motar, hannuna ya kumbura har ya fi ƙarfin hannun rigata.