Kurumtar Gwaggo Marka

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Bungudu ya san Gwaggo Marka da hannu a bayan kunne. Kana gaishe ta cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, sai ta karkato kai: "Mi kac ce?" Ka maimaita, ta ƙara karkatowa, har sai ka buɗe maƙogwaro kajin maƙwabta sun watse. Amma wannan matar, in aka buɗe tukunyar namanta daga can kicin, tana zaure za ta kira sunan wanda ya buɗe. Kurumtarta ta yara masu noƙe-noƙe ce kawai.

Yayar babana ce. Ta yi aiki a masaƙa a Gusau tun ana ganin mace mai albashi kamar abin kallo. Da ta ajiye aiki, sai ta mai da zaurenta wurin tara mu, matasan da suka gama sakandare suka maƙale a ɗaka. Ni ce shugabar matsorata. A lokacin, in baƙo ya yi sallama, bayan randa nake ɓuya, kuma randar ma sai na nemi izininta.

Darasin farko, rago. Tana da wani ƙaton rago mai hararar tsiya, shi take sa wa a matsayin mai ɗaukar aiki. Za ka tsaya gabansa ka faɗi sunanka da abin da ka iya, ido cikin ido. Wani yaro daga Kekun Waje ya yi jawabi har da "ranka ya daɗe", ragon ya tunkuɗe shi cikin kwata. Gwaggo ko gezau. Ta ce ya tashi ya sake, ai manyan Gusau sun fi haka.

Ba ta taɓa tambayar mutum sana'ar da yake so. Ta ce baki ƙarya gare shi, hannu take kallo. Mai murza bakin mayafi ta kai ta wurin tela. Mai zane a ƙasa da tsinke, yanzu allon shaguna yake rubutawa a Tsafe. Ni kuwa don tsoro na kwance mata rediyo kaf tana cikin magana. Ta dubi gawar rediyon, ta dube ni, ta ce gyaran waya zan koya, kuma da rediyon nan zan fara.

Akwai wani Alhaji mai shagon gyaran waya a Gusau da ke neman mai koyo. Na taɓa zuwa ni kaɗai. Na tsaya, na yi zufa, na sayi katin waya, na dawo gida. Baba ya ce in na sake yin haka an gama, in zauna in taya Inna tsintar wake. Shi ya sa karo na biyu Gwaggo ta raka ni, amma ta ce ƙafarta ba za ta shiga ba.

Ni dai yadda aka rene ni na yi. Na tuɓe takalma a bakin shago, na shiga na durƙusa. Kantar Alhaji kuwa doguwa ce, ta rufe ni ruf. Yana jin ana "ina kwana", ba ya ganin kowa. Bawan Allah har ya fara neman tsari. Da ya leƙo ya gan ni, yaransa suka fashe da dariya. Na juya zan gudu, babu takalma. Suna hammatar Gwaggo, tana tsallaken titi tana cin gyaɗa.

Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Gaisuwa ta ƙare, ɗiyata. Miƙe ki faɗi abin da ya kawo ki. Ba aiki, ba takalmi."

Kwalta ta yi zafi, kuma Bungudu da nisa. Na miƙe. Na ce, "Alhaji, ban iya ba tukuna, amma hannuna ba ya ɓata abu. Ka gwada ni." Muryar da ta fito, ni kaina sai da na waiga. Ya miƙo wata tsohuwar waya ya ce in buɗe in mayar. Na buɗe, na mayar, ta kama. Ya ce in dawo gobe, da takalmana.

Yanzu ni ke tarbar masu kawo gyara, har Alhaji kan ce in bar wasu su yi magana.

Da damina ta rasu. Ranar sadakar uku gidan ya cika da teloli, da masu walda, da wata ma'aikaciyar jinya, duk 'yan zaurenta, kowa na ta'aziyya da murya kamar mai kiran fasinja. Sai da liman ya aiko a sassauta. Muka yi dariya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Marka, Ya yalwata mata makwanci. Yadda ta tsaya mana har muka tsaya da ƙafafunmu, Allah Ya tsaya mata ranar da babu mai tsaya wa wani.