Izinin da Danda Ya Jira

Danda maƙwabcina ne a gona, a wani ƙauye da ke ƙasar Maijirgi. Layin gamba ne kawai ya raba tawa da tasa. Ko da yake ya kamata in gyara bakina, don yanzu ba tasa ba ce.

Tun muna yara ban taɓa ganin mutum mai ladabi irinsa ba. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi in ya hango dattijo. Mukan tsokane shi mu ce ko jakinsa sai ya nemi izininsa kafin ya ɗaura masa amalanke. Sai ya yi murmushi ya ce bin na gaba bin Allah. Duk gari an san shi da wannan magana, ni kuwa yau ba na ƙaunar jin ta.

Gonar ya gaje ta ne daga ubansa, uban daga kakansa. Akwai wani babban gawo a tsakiyarta, wanda 'ya'yan da yake zubarwa ke riƙe awakin Kadijatu, matar Danda, duk rani. Danda ya kashe ƙarfinsa a wurin nan. Da rani, sa'ad da samari ke tafiya cirani, shi yana jigilar taki. Hatsinsa kullum ya fi nawa kai, abin har haushi yake ba ni.

Sai ga wani mai suna Zubairu ya dawo daga Maraɗi da magana: wai kakansa aron gonar ya ba kakan Danda, ba kyauta ba. An zauna gaban mai gari, sulhu ya ƙi. An je gaban sarki, ya ƙi. Magana ta kai kotu a Tasawa. Tsofaffin da suka san asali duk sun kwanta dama, Zubairu kuwa ya zo da shaidu biyu masu baki. Ana tsakiyar damina, hatsi ya fara fitar da kai, alƙali ya yanke hukunci: gona ta Zubairu ce, Danda ya kwashe amfaninsa na bana ya fita. Tafinta ya gaya masa cewa in bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, amma akwai wa'adi.

Danda ya ji, kuma bai gamsu ba. To amma a wurinsa, mutum ba ya tsallake mai garinsa ya kai magana gaba. Ta hannun mai gari shari'ar ta fita, ta hannunsa za ta sake fita. Sai ya dawo gida, ya tuɓe takalmi a ƙofar mai gari ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, izini nika biɗa in kai maganag ga gaba."

Mai gari tsoho ne, ba mugu ba, kuma bai san dokar kotu ba ko kaɗan. Abin da ya sani shi ne abin da ya taras: ba a tada rigimar gona hatsi na tsaye.

"Danda, yi haƙuri a yi kaka. In anka ɗaure damma, ni da kaina ni ka sallamak ka."

Na ce masa, "Kai Danda, mutanen birni ba su san damina ba. Tashi mu tahi gobe, ni ka biyan ɗan kabu-kabu." Ya dube ni kamar na ce ya zagi ubansa. Kadijatu ma ta yi magana har da kuka. Ya ce mahaƙurci mawadaci, ya ɗauki hauyarsa.

Aka yi kaka. Hatsin shekarar nan ya yi kyau har ya ba ni tausayi. Mai gari ya cika alkawari, ya sa masa albarka, ya ce ya je. Na raka Danda Tasawa, ya sa rigarsa ta sallah. Muka sami girefiye, wato magatakardan kotu, wani mai gilashi da ba ya ɗaga murya. Danda ya durƙusa ya ce ya samo izini, ya zo ɗaukaka ƙara.

"Izinin wa, baba?"

"Na mai garinmu."

Mutumin ya cire gilashinsa.

"Wa ya ce maka sai da izini ake yin apel, ɗaukaka ƙarar nan? Haƙƙinka ne. Da ka shigo nan tun ran nan ka ce ba ka yarda ba, da na rubuta, shi ke nan. Yanzu wa'adi ya wuce tuni. Ba ni da ƙofar da zan buɗe maka."

Danda ya ce to a ba shi izinin ganin na gaba. Girefiye ya girgiza kai. Ni na yi ta faɗa, ina rantse-rantse, amma ihu ne bayan hari. Danda ya yi wa mutumin godiya, wallahi har godiya ya yi masa, ya ɗauki takalmansa a hannu muka fito.

Tun daga nan gidan ya fara zubewa. Babban ɗansa Muddassir ya tafi arewa neman aiki, ba a cika jin labarinsa ba. Hatsin rumbu ya ƙare, Danda ya koma barema a gonakin mutane da furfurarsa. Mai gari ya rasu bai daina cewa a yafe masa ba. Ni dai raina a ɓace yake har yau, kuma na rasa wanda zan ɗora wa laifi in huta.

Awakin Kadijatu biyu suka rage. Da ranin bana na je duba gonata, na hango Danda tsaye a bakin layin gamba da buhu a kafaɗa. 'Ya'yan gawo sun zuba fal a ƙasa, ba kowa a wurin. Na ce masa ya shiga ya tsinta mana, wa zai hana shi?

Ya ce ya aika a gaya wa Zubairu, yana jiran amsa. Takalmansa suna hannunsa.