Ƙasar da ke Cikin Bangon Mati

Mati yana yaro aka tashi garinsu. Da aka tare ruwa a Kainji, aka kwashe mutanen gungu, wato tsibiran cikin kogi, aka kai su tudu a ƙasar Ngaski, aka ba su gidaje a jere. Mahaifinsa Tamada masunci ne, ba mai yawan magana ba. Ranar tashi, kowa yana loda tukwane da taru a jirgi, shi kuwa ya ɗauki ƙwarya ya nufi makwancin iyayensa, ya ɗebo ƙasa. Da suka isa sabon gida ya kwaɓa ta da laka, ya yaɓe bango ɗaya. Mati yana can bakin ruwa yana wasa, bai ga wane bango ba ne. Aka yi ta yaɓe bisa yaɓe, har Tamada ya rasu bai faɗa ba.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce tsakaninmu. Na san shi yana su, na san shi ya auri Dije, na kuma raka shi ranar da muka kai ta makwancinta. Mai sallah ne, ba ya fashin masallaci. Amma ban taɓa jin ya buga ƙusa a bangon gidan nan ba. Rigarsa a igiya yake rataye ta.

Da yanar ido ta fara hana shi gani, 'yarsa Hamdiyya, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ta zo ta ce a sayar da gidan ya koma wurinta a yi masa aiki. Ta zauna a tabarma da waya a hannu, tana duba gidajen da ake tallarsu a Yelwa da Kontagora, tana karanta masa farashinsu. Gidan da ke bakin kwalta da tsada. Mai wuta da rijiyar burtsatse da takardar fili ya fi tsada. Wanda ruwa ke shiga da damina kuwa, ko tayawa ba a yi.

"To namu fa?" in ji Mati.

"Baba, naka ai ko akuya sai an roƙe ta ta kwana ciki."

"Ke dai a cikinsa aka yanke maki cibi, uwar iyayi."

Ta yi dariya, ta ɗauki hoton gidan ta sa a waya. Ba a jima ba wani ɗan kasuwa ya kira. Sabuwar hanyar da ake yi zuwa kwatar jirage ta bi ta ƙofar gidan, filin ya yi daraja. Ɗakin sanyi na ajiye kifi yake son ginawa. Da ya zo, ko leƙa ɗakunan bai yi ba, da ƙafa ya auna filin.

Mati ya tambaye shi, "Ginin fa, Alhaji?"

"Baba, wannan ai rushewa za a yi."

A ranar ne Mati ya gaya wa Hamdiyya zancen ƙwaryar. Ta ce a kankare bangon su tafi da ƙasar.

"Wanne?" ya ce.

Na gan shi da hantsi yana bin ɗakunan yana shafa bango da tafin hannu, ya tsaya, ya kara kunne, ya wuce. Abin da yake saurare ban tambaya ba. Gari ya riga ya nutse, mutanen da suka ga yaɓen duk sun kwanta dama. Idon kuma ba ya jira. Ya sa hannu a takardar sayar da gidan.

Leburori suka rushe gidan. Masu aikin hanya suka kwashe ɓaraguzan suka cike kwarin da ke gangaren kwata, suka bi da kwalta.

An yi aikin ido, yana gani yanzu. Wani lokaci yakan zo ranar kasuwa ya sauka wurina. In zai gangara kwata, daidai inda kwarin yake a da, sai ya tsaya ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ko da rana ta gasa kwalta. 'Yan acaɓa suna yi masa hon, suna ce masa tsoho a ba da hanya. Ba ya sauri.