Kawu Ba Ya Rage Iskar Taya

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana tuƙa manyan mutane, kuma in ka zauna da shi na minti biyar sai ka ji wannan labari sau uku. Bai taɓa buge ko akuya ba, bai taɓa makara ba. Abin da ya fi ji da shi kuwa, mota ba ta taɓa kafewa da shi ba, ba a taɓa ɗaura masa igiya an ja shi ba. Ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tuna masa cewa manyan mutane ba sa sauka daga kwalta.

Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar jif, fara. Kullum da safe yakan yi mata wanka, ya tsane ta da tawul ɗin da ya fi na Inna, matarsa, laushi, sannan ya zagaya tayoyin yana taka kowace da ƙafa. A wurinsa taya mai laushi ta direban banza ce. Ƙaramin giyan nan da ke sa tayoyi huɗu su ja tare kuwa, ya samar masa aiki mai daraja, a kansa yake rataya carbi. Ya kuma kafa doka a gida: kada a ƙara kiransa direba, kada kowa ya ƙara gaya masa yadda zai yi da mota. Inna ta dawo zama a kujerar gaba. Kujerar baya ta hannun dama, inda oga ke zama, aka bar ta ba kowa.

Sai ya shiga ƙungiyar masu jif, masu zuwa yawon yini guda a gandun daji. Ranar fitarsa ta farko ya ɗauke ni tare da Inna, wai in zama shaida. Kowa ya zo da tsohon wando da takalmin daji, Kawu ya zo da farin kaftani mai guga. Mota bakwai muka shiga, muna bin sawu tsakanin dogayen ciyayi, rassa suna goga jikin fenti, Kawu yana salati kamar fatarsa ake karta.

Wajen azahar muka iso busasshen kogi, yashi fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. Jagoran tafiyar, wani likitan haƙori, ya ce kowa ya rage iskar taya, don ta baje ta hau yashi. Nan take mutane suka durƙusa, ba ka jin komai sai tsiiiii. Kawu yana tsaye yana goge madubi.

"Baba, ba ka rage naka ba," in ji Likita.

"Ɗana, kana rarrafe ina riƙe da sitiyari. Na taɓa gaya maka yadda ake cire haƙori?"

Mota shida suka haye. Kawu ya shiga da tayoyinsa masu tauri, muka yi taku goma, muka nutse. Ya taka mai, muka ƙara nutsewa. Ya sake takawa, yashi ya kai ƙofa. Birai suka fito kan gaɓa suka zauna, har da masu goyo.

Likita ya dawo da ƙafa, igiya a kafaɗa. "Baba, bari mu ja ka."

"Wa ya ce maka na kafe? Tsayawa na yi."

Haka muka tsaya awa guda. Rana tana dukanmu, ruwan sanyi ya zama na wanka. Jami'in gandun dajin da ke rakiyarmu ya ce ƙarfe biyar ake rufe ƙofa, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, igiya za a ɗaura. Na dubi Kawu a bayan sitiyari. Shekara talatin da ɗaya ne za su tafi a bakin igiyar likitan haƙori, kuma wannan tarihin kaɗai ne abin da ya fito da shi daga aikin.

Sai Inna ta kwance bel ɗinta. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta ce in matsa, ta zauna a kujerar oga. Ta gyara mayafi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta yi gyaran murya.

"Direba."

"Na'am, ranka ya daɗe!" Bakinsa ya riga shi.

"Sauka ka rage iskar tayoyin nan, ka sa ƙaramin giya. Muna da wurin zuwa."

Ya sauka. Ya durƙusa a yashi da farin kaftaninsa, ya karɓi tsinken ashana a hannun Likita, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sakin iska da shi. Ya tone yashin gabansu da hannu. Ya dawo ya cire carbi, ya sa giyan da bai taɓa sawa ba. Motar ta yi nishi, ta fito da kanta, igiya tana kafaɗar Likita. Mutane suka yi ta tafi, ni kuma dariya har da riƙe ciki, sai da na haɗa ido da shi a madubi. Na daina dariyar, tausayinsa ya kama ni.

Muka dawo gida. Yana kashe mota ya zagayo da sauri, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya a gefe kansa a sunkuye.

"Malam, ni ce fa," in ji Inna a hankali.

"Na sani," ya ce, bai saki ƙofar ba.

Har yau in ka zauna da shi zai gaya maka ba a taɓa jan sa da igiya ba, kuma gaskiyarsa ne. Sai dai tun washegarin ranar ya ɗauko tayar safaya ya ɗora a kan kujerar oga, ya ɗaure ta da bel, kada wani ya sake zama a wurin. Tana nan har yanzu, kuma kullum da safe sai ya duba ko ɗaurin ya kwance.