Ƙofar Nuba a Kan Kwandala

Usta Dahab maƙwabcinmu ne a Alƙahira. Mutumin Nuba ne, kuma yana yaro ruwan madatsar Aswan ya cinye ƙauyensu. Aikinsa a gidan buga kuɗi shi ne sassaƙa zanen da ake bugawa a jikin kwandala.

Ya kusa ritaya aka ce za a fito da sabon fam mai ƙarfe biyu, tsakiya ruwan zinare, da'ira fara, kowace jiha da abin tarihinta. Dahab ya zana ƙofar gidansu ta da don kwandalar jihar Aswan, ya kai wa shugabansa Ustaz Mamduh.

"Haba Usta! Aswan da gumakan Fir'auna, ka kawo mini ƙofar gidan tsohuwarka? Wa ya san ta?"

"Shi ya sa na kawo ta, ranka ya daɗe."

Mamduh ya yi dariya, ya ce ai idon Dahab ma ya yi yana, layukan duk sun karkace. Maganar ta ƙona masa rai, amma gaskiya ce. Mutumin da ko allura gudu yake, sai ga shi a asibiti an cire masa yanar. Da ya warke ya hau jirgin ƙasa zuwa Kom Ombo, inda aka tsugunar da danginsa, wurin yayarsa Nabra.

Ta dubi zanen ta taɓe baki. "Wannan ƙofar wa? Kai da kullum kana bakin kogi, me ka sani? Miƙo karan can."

Ta durƙusa a tsakar gida ta zana masa adon ƙofar a ƙasa, da farantan da babarsu ta liƙa saman ƙofar. Ya kwafa, tana gyara masa tana tsiya.

Kwamitin zaɓen zane ya ƙi karɓa, ya sake kaiwa. Aka ce adon ya yi ƙanƙanta, ba zai fito a ƙarfe ba. Ya zauna ya sassaƙa samfuri da hannunsa ya dire musu a tebur. Daga ƙarshe aka raba gardama: gumaka a tsakiya, adon ƙofar ya zagaye farar da'irar.

Bai so haka ba, amma ya karɓa. Ranar da kwandalar ta fito, matan Kom Ombo suka yi ta guɗa. Nabra ba ta yi ba. Ta shafa gefen kwandalar da ɗan yatsa, ta juya fuska bango.